Mayen Ƙarfe da Alƙiblar Masallacinmu

Zuwa ga mahaifina, Malam Ilu mai gyaran rediyo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ɗa ke durƙusawa ya yi wa mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin yalwa da haske a makwancinka. Ni ne Habibu. Inna tana nan lafiya, sai dai gwiwar nan da ka sani, ta ƙara matsa mata. Ƙannena duk suna lafiya, jikokinka sun ƙaru, har da masu sunanka guda biyu.

Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma akwai maganganu biyu da na daɗe ina ɗauke da su. Ɗaya amsar wata tambaya ce da ka taɓa yi mini, na ba ka amsar da ba ta gamsar da kai ba. Ɗayar kuma magana ce da ya kamata in faɗa a gaban jama'a tun kana raye, na yi shiru. Tunda a gaban mutane na yi shirun, shi ya sa na ajiye wasiƙar nan inda mutane za su karanta.

Bari in fara da mai sauƙin.

Ka tuna rumfarka ta bakin kasuwa a Daura, da yadda ran Lahadi kake ɗaure akwatinka na katako a bayan babur ka nufi Mai'adua, inda fataken shanu daga Nijar ke kawo maka rediyoyin da rairayi ya cika wa ciki. Ba ka taɓa yar da matacciyar lasifika ba. Sai ka ƙwanƙwashe baƙin zoben nan na bayanta ka jefa a akwati. Mu a makaranta maganaɗisu muke ce masa, kai kuwa mayen ƙarfe. Idan ɗan noti ya faɗi a ƙasa, sai ka ɗaura zoben a zare ka ja shi cikin yashi, ya fito da notin da 'yan ƙusoshi sun manne masa kamar ƙudan zuma.

Shekarar da na gama kwaleji na fara koyar da kimiyya a sakandare, wata rana kana narka darma ka ce ba tare da ka ɗago ba, "Habibu, ku da kuka yi boko, a duk duniya wane mayen ƙarfe ya fi ƙarfi?" Na ce akwai wanda Turawa ke ɗaga mota da shi. Ka ce, "Wannan na mutum ne. Na Allah nake tambaya."

Ban sani ba a lokacin. Yanzu na sani, Baba, domin shi ne aikin da nake ci da shi.

Akwai taurarin da suka fi ranarmu girma nesa ba kusa ba. Idan irin wannan tauraro ya cinye makamashinsa, sai ya kasa ɗaukar nauyin kansa. Bayansa ya tarwatse, cikinsa kuma ya rufta ya dunƙule. Abin da ya rage ƙwallo ne wanda faɗinsa bai fi tafiyarka ta ran Lahadi ba sai kaɗan, amma ya fi rana nauyi. Da za a ɗebo cikin cokali ɗaya daga jikinsa, duk manyan motocin da ke bin hanyar iyaka ba za su iya jan sa ba, don ya kai nauyin tsauni. Tauraron niyutiron ake ce masa.

To, shi tauraro tun yana raye yana da nasa maganaɗisu, kamar yadda ƙasarmu take da nata, wanda ke juya allurar kamfas ta kalli arewa. Idan ya rufta, ƙarfin nan ba ya ɓacewa, matse shi ake yi. Ka dubi karan dawa a warwatse cikin gona, yaro ma zai ratsa ta tsakaninsu. Amma a tattara karan gona guda a ɗaure su dami ɗaya, a yi ta ƙulle igiya har damin ya koma kaurin hannu. Haka ƙarfin yake komawa. Ga shi kuma ƙwallon yana juyawa kamar mazari, cikinsa yana tafasa, abin da masana ke ganin yana ƙara hura ƙarfin.

Daga cikinsu akwai 'yan kaɗan da suka fi sauran ƙarfi wajen sau dubu. Su ake kira magneta. Waɗanda aka gano zuwa yanzu ba su da yawa. Su ne amsar tambayarka. Da ɗaya zai matso ya tsaya tsakaninmu da wata, da duk kaset ɗin wa'azi da ke rumfunan Daura ya goge, a sa shi a rikoda a ji shiru. Da mutum zai kusance shi sosai, ba ƙarfen aljihunsa kaɗai zai ja ba, ƙwayoyin da aka gina jikinsa da su ne za su miƙe su sauya siffa, jikin ya daina zama jiki.

Na san abin da za ka ce: "Wa ya je ya auno?" Ba wanda ya je. Saurare muke yi, kamar yadda kake kara kunne a jikin rediyo ka gane inda cutar take. Taurarin ɗan'adam suna kama haskensa duk sanda ya juyo ta wajenmu, mu kuma mu zauna gaban kwamfuta muna ƙirga bugun. Ƙarfin nasa yana taka masa birki, kullum juyin yana ɗan raguwa. Daga yadda yake raguwa muke lissafa ƙarfin. Shekaru na kwashe a kan guda ɗaya tak, ina bin bugunsa kamar mai jinya.

Wani lokaci ƙarfin yana murɗa ɓawon tauraron har ya tsage. Idan ya tsage sai ya yi wata irin walƙiya. An taɓa yin wata, kana raye a lokacin, wadda cikin ƙiftawar ido ta fitar da abin da rana ba za ta fitar ba a shekaru fiye da dubu ɗari. Hasken ya yi dubban shekaru yana tafe, amma da ya iso sai da ya girgiza rufin iskar nan ta sama, wadda muryar rediyo ke bugawa ta dawo ƙasa. Da na fara karanta wannan, kai na tuna, da yadda kake cewa gajeren zango yana da ranakun da yake tashi da fushi.

Amma duk ƙarfin nan ba ya daɗewa. Bayan 'yan dubban shekaru sai ya lafa, tauraron ya yi shiru. Da kana nan na san "Allahu Akbar" za ka ce, ka koma kan darmarka.

Wannan ita ce ta farko. Ta biyun ta fi nauyi a bakina.

Ka tuna shekarun da aka fara shari'a, yadda kowace unguwa ta tashi da zumuɗin gina masallacinta. Masu kaset ɗin waƙa suka ragu, aikinka ya koma kan lasifikokin masallatai. Unguwarmu sabuwa ce a lokacin, a bayan gari ta hanyar Mai'adua, muna salla a kan tabarmi ƙarƙashin dalbejiya. Aka kafa kwamiti, kowa ya kawo abin da ya samu, wani bulo, wani yashi, matan unguwa har da kuɗin ƙuli-ƙuli.

Ranar da za a fitar da alƙibla, shugaban kwamiti ya ce ga malamin kimiyya a unguwa, me za a tsaya ana kintace? Aka kira ni. Na zo da kamfas ɗin makaranta, da farar riga, da biro a aljihu. Kai kuma ka kawo akwatinka don ka ɗaura lasifikar da za a kira mutane aikin gayya, ka ajiye shi a tsakiyar fili, ka hau bishiya kana jan waya.

Ƙasar wurin ba ta daidaita ba. Na duba ban ga abin da zan ɗora kamfas a kai ba sai akwatinka. Baba, a gaban akwatin nan na girma. Na san abin da ke cikinsa fiye da kowa a wurin. Amma idanun mutane suna kaina, ina jin ana cewa "ɗan Malam Ilu ne", hankalina ya tafi ga yadda nake tsaye, ba ga abin da nake yi ba. Na ɗora, allura ta tsaya, na miƙa hannu. Audu magini ya ja igiya ya kafa turaku. Aka yi addu'a, aka fara haƙa.

Gini ya kai linta lokacin da ka ji a rediyo cewa akwai ranar da rana ke tsayawa daidai saman Ka'aba, duk wanda ya kafa sanda a wannan sa'a, inuwarta za ta nuna masa alƙibla. Ba don kana zargin kowa ka gwada ba, kai dai ba ka jin abu ka bar shi. Da hantsi ka je ka kafa sanda a gaban ginin. Inuwar ta bi hanyarta, bangon ya bi tasa. Bambancin ba ɗan kaɗan ba ne.

A zaure ka same ni bayan azahar. Ka rufe ƙofa, abin da ba ka saba yi ba. Ka ce, "Habibu, ranar da kuka auna, a kan me ka ɗora kamfas?"

Kafin ka rufe baki na gane. Amma sai na ce wataƙila masu rediyon ne suka yi kuskuren lokaci, ko sandar ce ba ta miƙe ba. Ka dube ni ka ce, "Rana ba ta san akwatina ba."

Na ce maka idan maganar nan ta fita na gama yawo a garin nan. Ɗalibaina za su ji. Kuma shugaban kwamitin shi ne mai sa hannu a takardar tafiyata ƙaro karatu, tana kan teburinsa a lokacin. Na ce a bari a gama ginin, daga baya a karkata sahu, ba wanda zai tambaya. Ka ce, "Mutane za su kafa goshi a ƙasa shekara da shekaru a kan maganarka. Salla ta fi ƙarfin kunyarka, ta fi ƙarfin tawa. Ko ka faɗa, ko in faɗa."

Kwana uku ka ba ni. Ban faɗa ba. Na riƙa fita da sassafe, in dawo bayan kowa ya watse.

Rana ta huɗu bayan la'asar ka miƙe. Ina sahu na biyu, ina ganin bayan rigarka da ɗinkin da Inna ta yi mata a kafaɗa. Ka ce, "Jama'a, alƙiblar ginin nan ta karkace. Mayen ƙarfen da ke cikin akwatina ne ya ja allurar kamfas. Akwatina ne, ni na kawo shi wurin. Ku gafarce ni."

Ba ka yi ƙarya ko ɗaya ba. Ka dai tsaya a inda ka tsaya, ka bar mini wurin da zan ƙarasa. Ka ɗan jira ma, na lura. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan carbi.

Abin da ya biyo baya ka fi ni sani. Liman ya ce sallolin da aka yi a jikin ginin sun yi, tunda ba da gangan ba ne, amma tunda ba a yi rufi ba, gara a gyara. Aka rushe bangon gaba da na gefe ɗaya. Audu magini ya yi jifa da cokalin gininsa. Wani ya ce maka a fuska, "Mai gyara ya zama mai ɓarna." Aka karɓe kula da lasifikar aka ba wani. Kai kuma ka rufe rumfa makonni, kana ɗaukar bulo a ka tare da samari, da furfurarka.

Daga nan suna ya fito: Ilu Karkata. Da farko a bayan idonka, daga baya a gabanka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kana amsawa. A ce "Karkata!" ka ce "Na'am", ka miƙa hannu ka karɓi rediyon.

Ni kuwa aka sa mini hannu, na tafi.

Ina zuwa gida duk bikin salla, in kawo maka shadda, in kawo maka turare. Ba ka taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa. Da ka zage ni da na samu sauƙi. Sai dai ka ce, "Yaya taurarin naku?" in yi ta zuba, kana gyaɗa kai. Ko a jinyarka ta ƙarshe, da na zauna kusa da kai, na buɗe baki da niyyar in faɗa, sai na ji ina ba ka labarin jarrabawa. Na koma makaranta ina cewa idan na dawo zan faɗa. Ban dawo na same ka ba.

Na yi ta gaya wa kaina cewa abin ya wuce, mutane sun manta. Har watan jiya.

An gayyace ni Daura in yi wa malaman kimiyya na sakandare bayani a kan aikina. Zauren taron ya cika, yawancinsu matasa ne, ba su san ni ba sai da sunan da ke kan takarda. Don in nuna musu yadda maganaɗisu ke aiki daga nesa, na ajiye kamfas a tebur, na matso da zoben lasifika. Allura ta juya. Sai wani malami daga baya ya ce da fara'arsa, "Malam, ai irin abin da ya faru da Ilu Karkata ke nan! Da shi muke ba yara misali a aji."

Aka yi dariya. Ba da mugunta ba, ba su san ɗan wa ke tsaye gabansu ba. Na tsaya riƙe da zoben. Ashe abin bai wuce ba. Ya shiga aji, ana koya wa yaran da ba a haifa ba lokacin, da sunanka. Ni kuma ana kira na masanin maganaɗisu, ana tafa mini.

Ban san yadda na ƙarasa bayanin ba. Daga can ban nufi masauki ba, na nufi unguwarmu.

Masallacin yana nan, an yi masa fenti kore, an sa fanka. Tsohon liman ya rasu, ɗansa ke jan salla. Bayan la'asar na nemi izini na miƙe. Na ce ni ne Habibu ɗan Malam Ilu. Na ce ranar da aka fitar da alƙiblar farko, mahaifina yana kan bishiya yana jan waya. Ni na ɗora kamfas a kan akwatin, kuma na san abin da ke ciki. Na ce shi ne ya gano kuskuren, ya ba ni kwana uku in faɗa, na ƙi. Na ce idan akwai Karkata a garin nan, ga shi tsaye.

Matasan suna kallon juna, rabinsu ba su san zancen ba. Sai na ji gyaran murya daga jikin bango. Audu magini ne, ya tsufa, ido ya tafi, a zaune yake salla. Ya ce, "Ni na riƙe igiya ranar. Na ga wanda ya ɗora."

Na ce, "Baba Audu, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Uba ya rufa wa ɗansa asiri, ni wane ne da zan tona? Fushin da na yi, na bulona ne." Sannan ya ce, "Amma sunan nan, da bakina a ciki. Allah ya yafe mana." Liman ya ɗaga hannu, aka yi maka addu'a mai tsawo, masallaci guda yana cewa amin.

Ba zan ce maka sunan ya mutu ba. Bakin mutane ba ya gogewa a rana ɗaya. Na dai rubuta wa malaman nan, na ce idan za su ci gaba da ba da misalin, su ba da shi daidai: malamin kimiyya ne ya yi kuskure, mai gyaran rediyo ya gyara da sanda da inuwa. Wanda ya yi maganar a zauren taron ya zo har gida ya ba ni haƙuri. Na ce masa ni ke da godiya.

Da na shiga wurin Inna, labari ya riga ni. Tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Na durƙusa na fara bayani, ta ce, "Na sani. A ranar ya gaya mini." Na ce duk shekarun nan ta sani ba ta ce komai ba? Ta ce, "Ya hana ni. Ya ce in ƙyale ka, ran da ka girma za ka faɗa da bakinka."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, da furfurar da ta fara fito mini a gemu. Ta ce, "Ka daɗe ba ka girma ba, Habibu." Ta tura mini faifan ta ce in taya ta tsinta. Muka zauna muna tsintar wake, ni da ita, ina kuka, ba ta hana ni ba.

Baba, ka yafe mini. Na san ka yafe tun kafin in roƙa, amma ina so in roƙa da bakina.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Iliyasu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi. Ka ba shi ladan kowace sujada da aka yi a masallacin nan, da ladan kowane bulo da ya ɗauka, da ladan haƙurin da ya yi da ɗansa. Ka ba Inna lafiya da tsawon rai. Ka haɗa mu da shi a inda ba a rabuwa. Amin.

Ɗanka da ya makara,
Habibu.